Ɗaki Mai Taga Ɗaya a Shi'an

An ɗauke wuta a Kakuri tun la'asar.
Ni da Mudassir muna kan benci a ƙofar gida,
sauro na zagaye, waya na haska haɓarsa,
yana murza yatsa, masaukan ƙasar Sin suna wucewa
kamar yadi a kan injin da na bari.

"Baba, ga wannan, bene hawa talatin."
Na ce wuce, ba a yi shawara da gwiwata ba.
"Ga wani, har da wurin ninƙaya."
Yaro, kogin Kaduna na nan tun kafin a haife ni,
ban taɓa tsoma ƙafa ba.
Nawa ne?
Ya faɗa da kuɗinsu, ya yi daɗin ji.
Na ce juya shi zuwa naira.
Ya juya. Na yi salati.

Filin Rigasa na sayar, jirgi ya cinye rabi,
biza ta lashe gefe,
abin da ya saura yana cikin gwangwanin madara
ƙarƙashin gadon marigayiya Lantana.
Kwana biyar kawai nake nema,
in ga Bara'atu ta karɓi takardar likita,
in yi tafi da hannun nan mai tabon zare, in dawo.

Shekara ashirin da uku na yi a masaƙa.
Ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo
an ce mana yadin waɗancan ne ya fi namu araha.
Na daɗe ban yafe ba.
Yau ga ni ina laluben nasu mai araha,
duniya kenan, rawar 'yan mata.

Can ƙasa, inda yatsa ke gajiya kafin ya kai,
sai ga wani ɗan gida cikin ganuwar birni.
Ɗaki takwas. Jar ƙofa, fentin ya fara ɓarewa.
Tsakar gida da bishiyar rumman,
wata tsohuwa ta shiga hoton ba da niyya ba,
riƙe da tsintsiya.
Na ce tsaya.
Wannan ai gidan kakata ne a birnin Zariya,
an dai canza masa rufi.

Mudassir ya karanto ƙorafin waɗanda suka kwana:
wai katifar tauri gare ta kamar allo,
wai tun duku-duku masu tuya ke buga ƙarfe a lungu,
wai tagar ɗaya ce, bango take kallo.
Na yi dariya har da tari.
Wanda ya yi gyangyaɗi tsakanin injin ɗari biyu
mai tuya ne zai hana shi barci?
Bango kuwa, in ya haura shekara ɗari shida,
shi ma abin kallo ne.

Tambaye su, akwai buta?
Ya ce ba ya jin za su gane.
To, zan sa tawa a jaka,
tare da turmin atamfar nan ta ƙarshe da muka buga,
in ba tsohuwar, ta murza da yatsa, ta ji.

Masallaci fa?
Taku ɗari uku, in ji shi, tsoho ne ƙwarai, na katako.
"Amma Baba, a can alƙibla yamma take."

Na yi shiru.
Shekara sittin da bakwai ina kallon gabas.
Ashe akwai inda mutum zai kai,
ya juya, ya tayar da kabbara,
Ka'aba a gabansa,
Kaduna can bayanta kaɗan,
da kabarin Lantana, da wannan benci.

Na ce danna, Mudassir,
kafin cajin ya mutu.