Haƙorin Baba Sallau

Fari yake so, in ji Baba Sallau,
fari fat, kamar farantin baƙi.
Na ce, Baba, buɗe mu gani.
Shekara hamsin na goro da ruwan bunu
sun riga sun turo sauran a marina.
In na sa mai farar riga a sahunsu,
tun daga Faringada za a nuna shi da yatsa.

Na kashe fitilar ofis, maƙaryaciya ce,
duk abin da ta taɓa sai ya yi shuɗi-shuɗi.
Na ja kujerarsa bakin taga.
Ƙarfe goma, gajimare ya zauna kan dutsen Shere,
haske ya tatu kamar gasara.
Tuɓe jar hular nan, Baba, tana yi wa idona raɗa.
Lasa shi da harshe,
busasshen haƙori alli ne, ba a karɓar shaidarsa.
Kallo ɗaya na kau da kai,
don ido in ya daɗe a wuri, cin hanci yake karɓa.

Kututturen da ke ƙasa ya yi baƙi
tun ranar da tifa ta watsar da shi a hanyar Bukur.
Tangaran kuwa ba ya rufa asiri:
ya yi siriri, duhun ya leƙo,
ya yi kauri, ya mutu kamar maɓallin riga.
Ko simintin da za a liƙa shi da shi
yana da bakin magana.

Da yamma na zauna da ɗan buroshi
ina jera gari hawa-hawa:
ciki launin madarar da ta kwana,
wuya ruwan zuma,
baki-baki garai, kamar ƙanƙarar ruwan fari
da yara ke tsinta a Gangare.
Tanda na tsakar zafi aka ɗauke wuta.
Ya fito dusu-dusu, idon kifin da ya wuni a tire.
Na sake daga farko.
Wuta ba ta gashi kyauta,
duk shiga sai ta ɗebi ladanta daga launi.

Chundung ta leƙo ta kafaɗata:
Wai tsaga kike zana wa sabon abu?
Na ce ƙwarai, siririya, ruwan ƙasa,
irin ta maƙwabcinsa na hagu.
Ai da tabo ake gane ɗan gida.

Ran Laraba na miƙa masa madubi.
Ya yi yaƙe, ya karkata, ya koma taga,
ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.
Yarinya, wanne ne na kuɗin?
Na yi shiru.
Ya ce, to, na sayar da tunkiya
na sayi abin da ba mai gani!

Yana mita ya laluba aljihu,
ya ɓare goro, ya miƙo min rabi,
ya gatsa nasa da gaba,
abin da rabonsa da yi
tun kafin a haifi jikarsa Ladidi.