Ƙanzon Rana

A ɗakin gwaji na Samaru, bayan la'asar,
ina riƙe da abu kamar farcen babban yatsa,
baƙi wuluk, mai sheƙi, hawa uku.
Kuɗinsa ya fi na akuyar Gwaggo Tasalla
har da 'ya'yanta biyu.

Hasken rana a cuɗe yake saukowa.
Hawan sama ya tsame shuɗi da kore,
na tsakiya ya kwashi ja,
na ƙasa ya lashe wanda ido ba ya gani,
wanda ƙeya ce kawai ta san da shi
in ka tako daga Ƙofar Doka da azahar.

Sai dai aikinsu lugude ne:
mata uku, turmi ɗaya.
In hannun ɗaya ya yi sanyi
dole sauran su jira taɓaryarta.
Shekara biyu ina sasanta su.

Da suka daidaita, sai kuɗi ya ce bai yarda ba.
Faifan da muke shuka su a kai
shi ke cinye kasafin,
kuma kowane gwaji da sabon faifai.

Ran wata Juma'a a Limancin Kona
na ga Gwaggo ta yayyafa wa tukunya ruwa,
ta ba ta lokaci,
ta zura wuƙa ta gefe,
ƙanzo ya taso ɗungurungum.
Ta ɗauraye, ta mayar kan murhu.
Ta ce, me kake kallo?
Ka taɓa ganin an cinye tukunya da tuwo?

Sau arba'in da ɗaya yana tsagewa a hannuna.
Iliya mai kula da injin ya daina yi mini sannu.
Na arba'in da biyu ya ɓaɓɓako lafiya,
siriri kamar ɓawon albasa,
faifan kuwa ko ƙwarzane.
Muka haska masa fitila, allura ta ɗaga kai.
Kafin in rubuta lambar
aka ɗauke wuta.

Muka fito waje muna dariya.
Rana na gangarawa bayan Kufena,
tana zubar da abin da muke awo da cokali.

Na kira Gwaggo na ba ta labari.
Ta ce, to madalla.
Yaushe zai kai kuɗin kaza?
Zoɓona na lalacewa tun kafin azahar.