Hawa na Sha Tara

Shekara talatin Wendell Pruszynski na sa hannu,
Manhattan na huci can ƙasa.
Hajarsa magana ɗaya ce:
in sun gaza, mu za mu biya.

Da ita wani gari a Ohio ya ja famfo,
wani ya kafa gada.
Ba wanda ya gaza.
Kuɗin inshora na ɗiga kamar yoyon rufi.

Sai ga takardun jinginar gidaje, dami-dami,
gidajen da bai san launin ƙofarsu ba.
Alkawari kaya ne,
amma ranar bai ji nauyi ba.

Tare suka gaza, kaka ɗaya.

Yau kwali guda ya ɗauko:
hoton gadar,
da alƙalamin da har yanzu bai ƙafe ba.