Matsakaici

An ɗauke wuta a Gadarif tun magariba.
Na jingina wayar Yaya Tijjani da tulu,
haskenta na lasar littafin ƙididdiga.

Ustaz Babikir ya ce, ku samo lambobi a gida,
ku tara, ku raba.
Na tambayi Baba buhunan riɗinsa na shekara biyar.
Ya bi yatsunsa: sha huɗu, tara, sha ɗaya, shida,
sai ya daɗe riƙe da na ƙarshen.
"Waccan, rubuta sifili."

Na tara, na raba. Takwas.
Takwas ɓul-ɓul, ko alamar rama babu.
Ba a bar layin da zan rubuta
cewa shekarar sifilin aka sayar da jakinmu ba.

Gobe zan kai wa Ustaz takwas ɗinsa.
Caji saura uku bisa ɗari.