Wuƙar Ƙusa

Namadi, yau na bi ta Kakuri.
Ba da niyya ba, mai keke ne ya kauce wa cunkoso,
sai ga ni a ƙofar masaƙa.
Ciyawa ta kai wa kwaɗo wuya,
jiniyar da ke tashin iyayenmu da asuba
ta haɗiye harshenta tun tuni.

Nan muke kawo wa Babanka abincin rana,
kai da kunnen kwano ɗaya, ni da ɗaya,
miyar da ta tsiyayo a gefe rabonmu ce.
A bayan katanga mu tsinci ƙyallayen atamfa,
mu cusa a tsohuwar safa, mu ɗaure bakinta,
ga tamaula.
Kullum kai ne gola, don ba ka son gudu,
ka tsaya tsakanin duwatsu biyu kana i'ina:
"d-dabara ta fi ƙafa."

Sai Asabar ɗin nan ta layin dogo.
Ka zaro ƙusa 'yar inci shida daga aljihu,
ka tofa mata yawu, ka kwantar da ita kan ƙarfe,
ka kara kunne ka ce jirgin Kafanchan ya taso.
Ni ban ji komai ba.
Can ƙasa ta ɗauki rawa, muka faɗa cikin ciyawa,
da ya wuce muka tarar ƙusa ta zama wuƙa,
da zafinta kamar masa daga tanda.

Wuƙa ɗaya, mu biyu.
Na dunƙule hannuwa na ce ka canki mai tsakuwa.
Ka taɓa na dama, na buɗe, wayam.
Namadi, na hagun ma wayam ne.
Shekara talatin da huɗu ina riƙe da wannan
kamar tsakuwa a cikin takalmi.

Girma ya zo ya raba mana hanya ba faɗa.
Kai Panteka, tartsatsin walda, ido ja,
ni ofis, fanka da takardu.
Gari ɗaya, kogi ɗaya ne kawai a tsakani,
amma sai Sallah zuwa Sallah,
"sai na shigo," "sai na leƙo,"
har aka ce ƙoda.
Na tura kuɗi ta waya.
Ka rubuto, "An ga saƙo, Allah ya bar zumunci."
Ƙafata ce ban tura ba.

Ina kan gadar Kawo Ashiru ya kira.
Kafin in iso an dawo daga maƙabarta,
takalma sun cika ƙofar gida,
buta tana yawo hannu zuwa hannu.
Wani yaro ya shimfiɗa mini tabarma,
wushiryarka ce sak a bakinsa,
sai dai shi maganarsa ba ta tuntuɓe.

Na shiga gaida Inna Tabawa.
Idonta ya tafi, amma ta gane muryata.
Ta ce, "Kai ne mai wuƙa?"
Na ce wace wuƙa, Inna?
Ta yi 'yar dariya cikin mayafi:
"Ko a gadon asibiti sai da ya ba mu labarin.
Ya ce ya ga lokacin da ka saki tsakuwar
ta faɗa tsakanin ƙafafunka.
Ya bar maka ne, wai kai mai saurin kuka ne."

To, ga shi ka yi gaskiya.

Wuƙar ta ɓata tun muna aji shida,
ban ma san inda na yar ba.
Lambarka tana nan, na kasa gogewa.
Allah ya haskaka makwancinka, ya yalwata shi,
ya yafe maka yadda ka yafe ba a roƙe ka ba.

Da na sauka daga keken ɗazu
na taka har tsohon layin.
Tsatsa ta ci shi, awaki na kwance a kai.
Na duba hagu, na duba dama, ba mai kallo,
na durƙusa da farar riga
na kara kunne.