Abin da Nomau Ya Ciro

Jar akuyarmu ta kwana uku ba ta tuƙa ba.
Ga dusa, ga harawa a gabanta,
tana kallonsu kamar baƙin da ba ta gayyata ba.
Ciki ya kumbura, ya yi tauri kamar ganga,
muka ce juna biyu ne, har mun fara rabon 'ya'ya.
Ashe lissafin dokin Rano muke ta yi.

Ran Laraba, kafin rai ya yi halinsa,
na aiki Tanimu bakin Ƙofar Marusa
ya kira mini Nomau mahauci.
Ya wasa wuƙa, ya ambaci Allah.
Da ya farke tumbi sai ya yi tsit.
Ya sa hannu ya jawo, ya jawo, bai daina jawowa ba:
baƙar leda, farar leda, ledar ruwan sanyi,
sun murɗe sun koma igiya guda,
har da wata da na shaida,
mai tambarin kantin da na auno sukarin azumi.

Ya yar a gabana, ya goge hannu.
"Malam, ba cuta ce ta kayar da ita ba.
Ita ce ta huɗu a wannan wata."

Daren nan barci bai ga idona ba.
Ina ta ƙirga: koko a leda, ƙosai a leda,
manja, daddawa, gishirin hamsin,
kowanne da rigarsa yake shigowa,
mu cinye baƙon, mu bar wa tsakar gida rigar.

Da gari ya waye Yahanasu ta taka turmi,
ta sauko da kwandon uwata daga rataya,
shekara tara yana can, gizo-gizo ya yi gado.
Ta kakkaɓe, ta ce, "Ga ɗan rakiyar cefane."
Ta miƙa wa Tanimu kwanon sha.
Ya turo baki: "Yara za su yi mini dariya."
Ya dawo yana taku ɗai-ɗai, kwano ya cika fal,
wai Inna Tambai ta ƙara masa ludayi,
ta ce kuɗin leda ne ta mayar masa.

Daga nan abin ya kama hanya da kansa.
Na janye buta daga bakin kwata,
yanzu a gindin zogale nake alwala,
sau biyar yana sha, ni ina samun lada.
Ruwan wankin shinkafa na lemun tsami ne.
Toka ta karɓi aikin goge tukunya.
Ɓawon albasa, ragowar ganye, kashin kaji,
rami ne bayan ɗaki ke haɗiye su,
da damina ya amayo mana baƙin taki.
Yahanasu ta kwaɓa laka ta rufe gefen murhu,
icen kwana biyu ya koma na kwana biyar,
tarinta na asuba ma ya yi sauƙi.

Kada in cika baki.
Shekaranjiya da ledar tsire na shigo,
sai a zaure na tuna, kunya ta rufe ni.
Ledojin maƙwabta na tsallako katanga,
su maƙale a dalbejiya kamar jemagu,
kwatar layinmu har yau ba ta numfashi.
Ni dai tsakar gidana nake iya sharewa.

Mun sayo wata 'yar akuya, mai farin goshi,
tana kiwo ba mai binta da ido.
Igiyar nan kuwa na wanke, na shanya,
na rataye ta a ƙusa cikin zaure.
Baƙo ya kan duba ya rage murya:
"Malam, wannan magani ne?"
In ce masa, "Ƙwarai kuwa.
Na mantuwa."