Cinikin Biri a Sama

Kawu Hermógenes ya ce ba ni da hankali.
Shekara talatin yana gyaran kayan kiɗa
a wani ɗan shago a tudun Valparaíso,
inda gidaje ke hawa kan juna kamar awaki,
bai taɓa sayen ko tsirkiya ɗaya ba
sai ya ja ta da yatsa, ya kara kunne.

Ya ce, “Maite, gitar bas ba takalmi ba ce
da za ki faɗi lamba a aiko miki.
Sai kin rataya ta, kin ji yadda take cin kafaɗa,
sai amonta ya ratsa haƙarƙarinki.
Wannan naki cinikin biri ne a sama.”

Ni kuwa hoto huɗu na gani a waya.
Ɗaya duhu ya cinye rabinsa,
ɗaya da wutsiyar kyanwa a gefe.
Ja ce, jan da ya sha hannu har ya koɗe.
Mai ita na can Punta Arenas, ƙarshen ƙasa.
Na tambaye ta ko wuyan ya lanƙwashe,
ta ce, “Ban sani ba, 'yata, ta mijina ce.”
Na tambayi nauyinta,
ta ce, “Nibaldo dai bai taɓa kuka da ita ba.”

Kada a ce ban nema ba, na je Santiago.
Goma sha ɗaya na taɓa a yini guda,
duk suna sheƙi, duk lafiyarsu ƙalau,
yaron kanti na tsaye a kaina yana kallon agogo.
Na dawo a motar dare
ina ta buɗe hoton nan mai wutsiyar kyanwa.

Albashin wata biyu na tura,
kuɗin yankan tikiti a keken hawa tudu.
Kwana tara tana hanya.
Kwana tara Kawu bai ce uffan ba,
shirunsa ya fi faɗansa ciwo.

Ta iso a naɗe cikin bargon ulu,
tana ƙanshin hayaƙin itace.
Kawu ya ɗaga ta, ya rufe ido ɗaya
kamar maharbi na duba bindiga.
“Ta karkace,” in ji shi.
Maɓalli ɗaya ya mutu.
Nauyi kuwa, Allah ya jiƙan kafaɗar Nibaldo,
ashe haƙuri gare shi.
Duk abin da Kawu ya faɗa ya tabbata,
na zauna a kan akwati, kunya ta rufe ni.

Sai na ga ya tsaya yana shafa wani wuri.
Wani ɗan gurbi ne a jikin katakon,
inda babban yatsa ya zauna shekara da shekaru
har fenti ya tafi, itace ya lotsa.
Hoto bai nuna shi ba.
Ba nan nake ajiye yatsana ba,
nawa na zama can ƙasa kaɗan.
Na matsar da shi, na ja tsirkiya ta huɗu,
ƙusoshin da ke cikin gwangwani suka ɗau rawa.

Dare uku Kawu ya yi yana miƙe wuyan,
ya ƙi karɓar ko kwabo,
har yau kuma yana cewa wauta na yi.
Kowace Alhamis ina kaɗa ta kusa da tashar jiragen ruwa,
kowace Juma'a ina shafa wa kafaɗa man zafi.

Jiya Edelmira ta kira.
Ta ce in kara wayar, in buga mata wadda ta fi kauri.
Na buga. Bangon ɗakina ya amsa,
amma waya ba ta iya ɗaukar irin wannan amo.
Ta yi shiru, ina jin iskar garinsu na bugun taga.
Ta ce, “Ban ji sosai ba, 'yata.
Sake bugawa.”